Minsharin Maigidana Ya Fara Ba Ni Tsoro

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata baiwar Allah ce ta turo mana wannan ta akwatin sirri, ta ce a sakaya sunanta. Don Allah a ba ta shawara cikin mutunci. Ga saƙon nata:

"Shekararmu 11 da aure. Maigidana dama mai minshari ne tun ina amarya, har na saba, in ya yi tafiya ma barci gagarata yake yi don shirun ya yi yawa. To daga bara zuwa bana abin ya canza. Zai ja minshari, ya ja, ya ja, sai ɗif. Ƙirjinsa na ta motsi kamar mai kokawa da wani abu, amma ba iskar da ke shiga. Shekaranjiya na haska fitilar waya ina ƙirgawa, sai da na kai 27 sannan ya yi wani irin gurnani ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya juya ya ci gaba da barcinsa. Da safe na faɗa masa, ya ce sharri nake masa. Yana tashi fitsari sau uku zuwa huɗu, ya farka da ciwon kai da bushewar baki, in ya zauna kallon labarai ko minti goma ba ya yi sai gyangyaɗi. Maganin hawan jini kala biyu yake sha. Shekararsa 47. Ni yanzu ba barci nake ba, gadinsa nake yi."

Baban Walid: Hajiya ki gode wa Allah, gidan mai minshari ai ɓarawo ba ya shiga 😂 Gajiya ce kawai. Mutum ya wuni yana fafutukar abin da za a ɗora a tukunya, ya dawo ya kwanta, in bai yi minshari ba me zai yi? Ni ma ina yi, ga ni nan garau.

Ummu Hanan: Baban Walid, mace ta ce tsoro ya hana ta runtsawa kai kuma kana dariya. Wanda ke minsharin ai ba shi ke ji ba. A tambayi Maman Walid tukuna.

Hajiya Babba: 'Yata, a duba belinsa. Beli in ya yi tsawo shi ke kwanciya a maƙogwaro. A nemi wanzamin da ya san aikinsa ya cire, kwana biyu ya sha kunu mai ɗumi, shi ke nan. Mu da haka muka taso.

Malam Na-Zaure: Ni kuma na fi zaton dannau ne. Ya riƙa alwala kafin ya kwanta, ya yi azkar ɗin barci, ya kwanta a ɓarin dama kamar yadda sunna ta koyar. Allah Ya ba shi lafiya.

Sista Mai Allura: Hajiya Babba, da girmanki Mama, amma don Allah kar a kai magidanci mai shekara 47 da hawan jini wurin wanzami a yanka masa maƙogwaro. Na yi aiki a ɗakin taimakon gaggawa, na ga waɗanda aka kawo bayan cire beli jini ya ƙi tsayawa, wasu wurin ya rure ba sa iya haɗiyar ko yawu. Ga hatsarin tetanus da ciwon hanta in ba a tafasa ƙarfen ba. Bari Dakta ya shigo, ya fi ni iya bayani.

Dakta: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kin yi bayanin da ko ɗalibin likita bai fi haka ba. Ba na yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma abin da kika lissafa ya yi kama sosai da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda a asibiti ake kira afniya.

Ga yadda abin yake. Hanyar iska daga bayan hanci zuwa zakaran wuya ba ta da ƙashin da zai tokare ta, tsoka ce zalla. Muna farke, tsokar a ɗame take. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya zame baya, ganɗa ta sauko. In hanyar ta ƙuntata kaɗan, iska na wucewa tana kaɗa naman, wannan karar ita ce minshari. In ta rufe gaba ɗaya, sai shirun nan da kika ji. Ƙirji na ja, ƙofa a rufe. Iskar oksijin da ke cikin jini, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin kashi 95 zuwa 100, sai ta yi ƙasa, a wasu har ƙasa da 80. Nan ƙwaƙwalwa za ta firgita ta tashe shi na 'yan daƙiƙu, tsoka ta ɗame, ya fizgo iska, ya koma. Shi ya sa bai san an yi ba, kuma ba ƙarya yake miki ba.

Duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta. Daga 5 zuwa 14 a awa ɗaya, mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 29, matsakaici. Daga 30 zuwa sama, mai tsanani. Ki ɗauka mutum na yin 40 a awa, ya yi awa bakwai a kwance: an tashe shi sau 280 a dare ɗaya. Ina zai ga ƙarfin kallon labarai?

Malam Na-Zaure: To Dakta, ina bambancinsa da dannau? Shi ma ai mutum ji yake an danne shi ya kasa numfashi.

Dakta: Malam, mai dannau idonsa biyu. Yana ganin ɗaki, yana son ya motsa ko ya yi salati ya kasa, kuma da safe zai ba ka labari tiryan-tiryan. Ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya saki daga sandarewar da yake yi lokacin mafarki. Wannan kuwa bai tuna komai, sai na kusa da shi ne ke gani. Amma shawararka ta kwanciya a ɓarin dama ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Kwanciyar rigingine ita ce ta fi jefa harshe baya, akwai mutane da yawa da matsalarsu ke ninkawa da zarar sun kwanta a bayansu.

Hajiya Babba: Ni dai ban gamsu a kan maganar beli ba. Ku likitoci ai kuna yin aikin maƙogwaro ku cire shi, ɗan ƙanwata a asibiti aka yi masa. In ku kuka yi ilimi ne, in wanzami ya yi jahilci ne?

Dakta: Mama, tambayarki a kan hanya take. Akwai tiyatar da ake rage ganɗa da beli da tsokar gefen maƙogwaro, gaskiya ne. Amma sai an leƙa an tabbatar nan ne wurin ya toshe, a sa mutum barci, da jini a ajiye ko da ta kwana. Duk da haka ba kowa take warkarwa ba, wani ƙarar ce kawai ke raguwa, numfashin na ci gaba da ɗaukewa, ya zama an kashe ƙararrawa an bar gobara. Sannan Mama, a ƙasar Hausa jarirai nawa ne aka cire wa beli tun kafin suna ko ranar suna? Da beli ne tushen abin, da mu muka fi kowa ƙarancin masu minshari a duniya. Ki shiga masallaci a goman ƙarshe na azumi da tsakar dare ki ji.

Ummu Hanan: 😂😂 Dakta ka gama magana. Masu i'itikafi ku yi haƙuri.

Admin: Mai tambaya ta ce a faɗa wa Hajiya Babba ta gode, amma ta tambayi surukarta, an cire masa beli tun yana ɗan kwana uku.

Hajiya Babba: To ai shi ke nan. Allah Ya sa a dace.

Mai Tirela: Ni ban iya dogon rubutu ba amma wannan maganar ta taɓa ni. Shekara 19 ina tuƙin babbar mota, Kano zuwa Legas. Yaran mota ba mai yarda ya kwana kusa da ni. Goro kuwa, a rana sai in ci na fitar hankali, ga shayi mai kauri, ga kofi, duk don ido ya buɗe. Wata rana da hantsi, ba ma da dare ba, tsakanin Zariya da Kaduna, ban san lokacin da ido ya rufe ba. Ihun yaron motata na ji, na farka tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta. Allah Ya tsare ba kowa a gefen. Na tsaya na fito, ƙafafuna na rawa, na zauna a kan dutse na fi rabin awa. Daren nan fa na yi barcin awa takwas. Shi ne abin da ya ɗaure min kai har na je asibiti. In maigidanki na tuƙi, ki hana shi doguwar tafiya har a duba shi.

Baban Walid: Subhanallah. Amma Dakta kar a tsorata mutane. Yanzu duk mai minshari mara lafiya ne?

Dakta: A'a. Da yawa minshari ne kawai, ba ya cutar da kowa sai maƙwabcin filo. Wani sai lokacin hunturu in ƙura ta toshe masa hanci, ko yana mura. Akwai tambayoyi takwas da likitocin sa barcin tiyata na Toronto a Kanada suka tsara a 2008, har yau da su muke tantancewa. Minsharin na da ƙarfi har a ji daga bayan ƙofa? Akwai gajiya da gyangyaɗi da rana? Wani ya taɓa ganin numfashin ya tsaya? Akwai hawan jini? Ƙiba ta yi yawa sosai? Shekaru sun haura 50? Kaurin wuya ya kai santimita 40? Namiji ne? Wanda ya amsa e sau uku ya kamata a duba shi, sau biyar kuwa hatsarin babba ne. Maigidan wannan baiwar Allah ya riga ya samu biyar tun ba a auna wuyansa da nauyinsa ba.

Kuma abin ba ƙarami ba ne a duniya. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da shi, akasarinsu ba su sani ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a saƙon nata shi ne maganin hawan jini kala biyu. Duk lokacin da numfashi ya tsaya, jiki na sakin sinadarin firgici, jini ya hau, zuciya ta yi tsalle. A yi haka sau ɗaruruwa kowane dare shekara da shekaru, sai hawan jinin ya zauna har da rana ya ƙi jin magani. Daga nan ake samun rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga. Fitsarin daren ma yana da dalili: jan da ƙirji ke yi a rufe yana takura zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda tara fitsari. Amma a shekarunsa a gwada suga a duba mafitsara, kar a ɗora komai a kan abu ɗaya.

Alhaji Kantin Kwari: Ni ganau ne. Na je Alƙahira ganin likitan zuciya, shi ya tura ni gwajin barci. Aka liƙa min wayoyi a kai da ƙirji, wani abu a hanci, wani a yatsa, na kwana a wurin. Na ce musu ni ban yi barci ba sam. Da safe likitan ya juyo min da allon kwamfuta, numfashina ya tsaya ko ya ragu sau 52 a kowace awa. Aka haɗa ni da na'urar CPAP. Ƙaramar aba ce, ba ta kai rediyon teburi ba, da tiyo da takunkumin hanci. Iskar ɗaki take hurowa a hankali ta riƙe maƙogwaro a buɗe, ba oksijin ba ne kamar yadda mutane ke zato.

Sati biyun farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ji nake kamar an sa min linzami. Sai in farka in tarar na cire na jefar ƙasan gado. Uwargida ta ce in ban sa ba ita za ta koma ɗakin yara. Da na canza zuwa takunkumi ƙarami mai zama a ƙofar hanci kawai, sai abin ya zauna. Ranar da na fara yin awa shida da ita, na tashi Asuba kaina wasai, har na zauna ina mamakin ashe haka mutane ke ji da safe. Na yi mafarki, abin da na manta rabona da shi. Ga wata magana da maza ba sa so a yi: harkar iyali ma da ta yi sanyi ta dawo.

Ɗan Maraɗi: Alhaji kai kana da hali. Mu nan wuta in ta tafi sai ta ga dama. In ta ɗauke cikin dare mutum na sanye da abin, ba zai shaƙe ba?

Alhaji Kantin Kwari: Ba ya shaƙewa, takunkumin na da ƙofofin fitar iska, farkawa kawai za ka yi ka cire. Mu ma nan NEPA sai addu'a. A kan batirin sola nake ɗora tawa. Ba ta da cin wuta in ka kashe sashen da ke ɗumama ruwa, shi ne mai zuƙar batir. Da hunturu dai dole in kunna shi, in ba haka ba hanci ya bushe ƙamas. Matatar iskar kuma ƙurar Kano na cika ta da wuri, kullum ina dubawa. Tsada kam akwai, da dala ake lissafinta.

Dakta: Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro na'urar CPAP a Sidni, ya buga sakamakonsa a 1981, kuma har yau ita ce kan gaba ga mai tsanani. Ba ta warkarwa, tana aiki ne daren da aka sa ta, kamar tabarau. Gargaɗi ɗaya ga masu neman ta hannu: a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana ruɓewa, zafi da laima na ƙara lalata shi. Ku san irin zafinmu. Kar a sayi tsohuwa sai an duba lambarta, kuma likita ne zai saita ƙarfin iskar.

Ummu Hanan: To talaka fa? Wanda ba shi da kuɗin Alƙahira ba shi da na sola, ya zauna ya jira ajali?

Dakta: A fara da abin da ke hannu. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro da na ƙirji, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. A je a leƙa hanci da maƙogwaro, a tambayi inda ake gwajin barci mafi kusa. Akwai ƙaramin gwaji da ake ba mutum ya tafi da shi gida, ya fi na kwana a asibiti sauƙin kuɗi.

Rage ƙiba na aiki ƙwarai. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna raguwar kashi 10 na nauyi na rage tsayawar numfashi da kusan kashi 26, ƙaruwar kashi 10 kuma na ƙara ta da kusan kashi 32. Mai kilo 100 ya sauke 10, zai ji a jikinsa. Malmala uku ta tuwo ƙarfe goma na dare, a bi da lemon kwalba a kwanta, a nan ake fara gyara. A ɗinka aljihu a bayan rigar barci a sa ƙwallon tanis ko ƙullin tsumma mai tauri, in ya juya rigingine ya ji ya koma gefe. A ɗaga kan gado kaɗan. A bar sigari. Likitan haƙori na iya yin wani abin sawa a baki da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba, yana taimakon masu sauƙi da matsakaici.

Abin da zan roƙa da babbar murya: kar a ba shi maganin barci. Mutum ya ce ba ya jin daɗin barci, a je kemis a karɓo masa diyazefam, wannan ƙara sakin maƙogwaro yake ya kuma hana ƙwaƙwalwa tashinsa da wuri. Haka kodin, haka taramol, haka giya.

Sista Mai Allura: A ƙara da cewa ba sai mai teɓa ba. Na ga siriri mai ƙaramar haɓa da ke da shi. Mata ma na samu, musamman bayan al'ada ta ɗauke, sai dai mace ba ta cewa tana minshari don kunya, ciwon kai da kasala take kawowa. Mai ciki da ta fara minshari sabo ga kumburin ƙafa, ta faɗa a wurin awo a duba jininta.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah yara fa? Hassan ɗina shekararsa biyar, baki buɗe yake barci, yana minshari kamar babba, ga fitsarin kwance, ga shi sikila ne. Kakarsa ta ce gadon babansa ya yi.

Dakta: Maman 'Yan Biyu, yaro mai minshari kusan kowane dare ba a barinsa a kan gado ne. Galibi tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro da wata a bayan hanci ne ke kumbura su cike hanya. Yara ba su cika gyangyaɗi ba, rashin ji da ƙiriniya da rashin mai da hankali a makaranta suke yi. Ga mai sikila abin ya fi muhimmanci, don sun fi sauran yara samunsa, kuma raguwar oksijin da dare ba abokin jininsu ba ne. Ki faɗa a asibitin sikilarsa a zuwa na gaba, su tura ku sashen maƙogwaro. A yara cire tsokar a asibiti na magance matsalar ga mafi yawansu.

Admin: Mai tambaya ta ce duk ta karanta, matsalar ita ce ba zai yarda ya je ba. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Ummu Hanan: Ki ɗauke shi a waya, da murya da hoto, minti uku ya isa.

Malam Na-Zaure: Ɗaukar miji a waya yana barci ba da saninsa ba? Ina jin tsoron kar gyara ya zama ɓarna. Namiji ba ya son a nuna masa rauninsa.

Ummu Hanan: Malam ai ba a Facebook za ta sa ba. Ta gaya masa tun da rana: tunda ka ce sharri nake maka, yau zan ɗauka ka ji da kunnenka. In ya ƙi, ta samu yayansa ko wani amininsa da yake jin nauyi.

Alhaji Kantin Kwari: Ni matana biyu ne, ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba sai a kan wannan. Da na ji uwargida da amarya sun faɗi magana iri ɗaya, na san ba makawa.

Admin: Bayan kwana huɗu, ga saƙon mai tambaya:

"Na gode Allah Ya saka. Na nemi izininsa, ya ce in ɗauka ɗin, ai ba abin da zan samu. Bayan ya dawo daga masallaci da Asuba na miƙa masa wayar. Ya ji minsharin yana murmushi. Da aka zo wurin shirun sai murmushin ya tafi, ya kara wayar a kunne yana zaton ta tsaya ne. Da ya ji fizgar nan sai ya ajiye, ya ce, 'Wannan ni ne?' Ya sake saurara sau biyu. Na ɗauko tef ɗin ɗinkina na auna wuyansa, santimita 44. Ya karɓi kati, Talata za mu je. Dakta, me za mu riƙe?"

Dakta: Ku tafi da wayar, da kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Ki shiga ɗakin likitan tare da shi, don ke ce kika ga abin. Kafin nan ya kwanta a gefe, kuma kar ya yi tuƙi in yana jin barci. In wata tiyata ta taso masa nan gaba, ko wace iri ce, ya faɗa wa mai sa barci tun kafin a fara.

Baban Walid: Sista, wai tef ɗin a ina ake ɗora shi? Wani abokina ne ke tambaya.

Sista Mai Allura: Ka ce wa abokin naka daidai zakaran wuya, yana tsaye, kar ya matse tef ɗin. In bai iya ba Maman Walid ta auna masa.